Ƙasa a Hannun Dama

Volatiana ce ta jawo mini.
Ta dawo daga makaranta da alli a goshi,
ta tsuguna, ta zana a yashi da tsinke
wani abu mai kama da sawun ƙafar hagu.
Ta ce, "Baba, ga mu nan. Ruwa ya kewaye mu."
Na ce, wa ya gani?
Ta ce, malami.
Na ce, shi malamin ya taɓa jiƙa wandonsa?

Shekara arba'in ina jan koma a Anakao,
ban san teku na da ƙeya ba.

Na ɗinka filafili da buhunan shinkafa tara,
na ɗaura jarka biyu, busasshen kifi, rogo,
da dutsen da kakana yake jefawa idan zai kwana.
Matata ba ta raka ni gaɓa ba.
Tana tsince ƙwari a garin masara,
ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka dawo mini da tukunyata."

Doka ɗaya na kafa wa kaina:
ƙasa a hannun dama, ko da me.

Wajen Morondava itatuwan kuka suka tsaya a jere
kamar dattawan da aka ba labarina
suka rasa abin cewa.
Gaban Mahajanga kogi ya amayo jar ƙasa,
na yini ina tuƙi cikin ruwa mai launin kunun kanwa.
Iska ta ɗauke kwana shida.
Na ƙirga ɗinkin buhu, na sake ƙirgawa,
na yi faɗa da tukunya, muka shirya.

A can ƙurewar arewa, inda ƙasa ta tsuke ta ƙare,
iska ta juyo mini da gaba.
Sau uku ina leƙa kwanar, sau uku tana koro ni.
Na huɗu na wuce da asuba, a sace,
cikina na kuka, ba na yunwa ba.

Gabas ba ta san wasa ba.
Babu murjani da zai tare maka raƙumin ruwa,
ruwan sama kuma bai san ranar hutu ba.
Tafin hannuna ya yi fari, ya saɓule.
Wani dare wata halitta mai tsawon jirgina uku
ta taso daf da ni, ta fesar da numfashi,
ɗumi, mai ƙarni.
Na ce mata sannu.
Rabona da gaida wani, kwana goma sha tara.

Sandar ma'aunin jirgi ta karye kusa da Mananjary.
Wata tsohuwa, Razanamavo, ta ba ni gora da igiyar rama.
Rabin maganarta ya wuce ni, rabin tawa ya wuce ta,
amma da na nuna kudu, na zana da'ira a iska,
sai ta yi dariya har ta riƙe ƙugu,
ta ƙara mini shinkafa.

Kudu: duwatsu tsaye, ƙaya, ba inuwa.
Nan barci ya sace ni a kan matuƙi.
Na farka ba ƙasa, dama ko hagu.
Wannan ba zan ba da labarinsa ba.
Tsuntsu ɗaya ne ya bi ta kaina da yamma,
na bi shi.

Wata bakwai.
Na gane gida da warin kifin da ake shanyawa.
Volatiana ta shigo ruwa har gwiwa,
giɓin bakinta ya cike, ba a jira ni ba.
Ta ce, "To?"
Na ce, malaminku ya yi gaskiya,
sai dai tsinkenki ya cika sauri.

Matata ta karɓi tukunya, ta juya gindinta,
ta sa yatsa a inda ta lotse.
Ta daɗe tana shafa wurin.